Kiɗan Jita na Rok: Yadda Muka Koye Shi da Abin da Ake Saurare a Cikinsa

Gabatarwa

A cikin rubuce-rubucen da aka yi a kan kiɗa da waƙa a ƙasar Hausa, an fi mayar da hankali ga makaɗan fada da na sana'a da na jama'a, kuma hakan ya dace, domin su ne gadonmu. Sai dai akwai wani ɓangare na tarihin abin da kunnen mutanenmu ya saurara wanda ba a cika taɓa shi ba, wato baƙon kiɗan da ya shigo ta rediyo da faifan garmaho tsakanin shekarun 1960 da 1980, wanda har wasu samari 'yan makaranta suka ɗauki kayansa suka gwada da hannunsu. Ina cikin waɗannan samari. Na yi shekara huɗu ina kaɗa jita mai kaurin murya a wata 'yar ƙungiya ta mutum huɗu, tun muna kwalejin horon malamai a tsakiyar shekarun 1970 har muka fara koyarwa. Ba mu taɓa buga faifai ba, ba mu ci abinci da kiɗan ba, kuma in ban da 'yan ajinmu babu wanda zai tuna da mu.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana wa malamai da dattawa abin da ke cikin kiɗan da ake kira rok, musamman na dauri, wato na tsakiyar shekarun 1960 zuwa 1980, wanda mutane da yawa ke ji tamkar hayaniya ce kawai. Abin da nake son nunawa shi ne kiɗan nan aikin hannu ne na mutum huɗu ko biyar masu sauraron juna, kuma duk wanda ya san abin da ake saurare a kalangun Shata ko kukumar Garba Supa yana da kunnen da zai rarrabe gwanin rok da ɗan koyo.

Asalin kiɗan

Rok haifaffen Amurka ne, Ingila kuma ta taya reno. Tushensa wani kiɗa ne na baƙaƙen fatar kudancin Amurka, jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka, wanda ake kira buluz. Kiɗan manoman auduga ne na yankin kogin Misisipi, mutum ɗaya da jitarsa yana kukan talauci ko rabuwa da masoyiya. Da baƙaƙen suka yi ta ƙaura zuwa biranen arewacin ƙasar neman aikin masana'anta, sai kiɗan ya bi su. Muddy Waters, alal misali, ya bar Misisipi ya koma Shikago a 1943, ya tarar surutun gidajen rawa na birni yana danne jitar katako, sai ya koma ga jita mai aiki da lantarki, ya haɗa ta da ganguna. A tsakiyar shekarun 1950 su Chuck Berry da Little Richard suka ƙara wa kiɗan sauri, Elvis Presley kuma, wanda farin fata ne, ya fara ɗaukar waƙoƙinsa a Memphis a 1954, ya kai salon kunnen 'ya'yan Turawa.

Wani masanin kiɗa ɗan ƙasar Austriya, Gerhard Kubik, ya rubuta littafi a 1999 a kan dangantakar buluz da Afirka. A ra'ayinsa, yawancin siffofin buluz sun fi kama da kiɗan tsirkiya na yankinmu na sarari, daga Mali zuwa ƙasar Hausa da arewacin Kamaru, fiye da kiɗan ganguna na bakin teku, har ya kawo misali da kiɗan wani mai goge Bahaushe da ya ɗauka a Kamaru. Ra'ayin masani ne, akwai masu ja da shi. Abin da ni zan iya shaida shi ne sautuka biyar da mai jitar buluz ke yawo a kansu ba su taɓa yi wa kunnenmu baƙunta ba, domin a kan irinsu ne mafi yawan waƙoƙinmu na gargajiya ke tafiya.

A Ingila kuwa, samarin da suka tashi bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne suka ji waɗannan faya-faye suka kamu. Ba su da kuɗin kayan kiɗa, sai suka riƙa haɗa tsohuwar jita da allon wanki da akwatin shayi mai tsirkiya ɗaya. A irin wannan ƙungiya ta 'yan makaranta ce John Lennon ya sadu da Paul McCartney a Liverpool a 1957. Daga 1960 zuwa 1962 ƙungiyarsu ta Beatles ta yi ta zuwa Hamburg a Jamus tana kiɗa a ƙananan gidajen rawa, sa'o'i masu yawa kowane dare, kuma can hannunsu ya faɗa. Babu ɗaya cikin su huɗun da ya iya karanta rubutun kiɗa na Turawa. Rolling Stones, da aka kafa a Landan a 1962, daga wata waƙar Muddy Waters suka samo sunansu. Wato tun farkonsa wannan kiɗa na 'yan haye ne, waɗanda suka koya da kunne a ɗakin kwana. Shi ya sa yaro a Zariya ko Legas zai ji shi ya ce ni ma zan iya.

Mutum huɗu da aikin kowa

Ƙungiyar rok ta asali tana da mai ganga, da mai jitar bes, da masu jita biyu, ɗaya daga cikinsu ko wani na biyar yana waƙa. Kayan da kansu ba su tsufa ba: kamfanin Fender na Amurka ya fito da jitar bes ta lantarki a 1951, da jitar Stratocaster a 1954, kamfanin Gibson kuma ya fito da Les Paul a 1952, kuma har yau su ake ƙerawa kusan yadda suke.

Mai ganga a zaune yake, yana aiki da hannu biyu da ƙafa biyu, ke nan shi kaɗai yana yin abin da mutum uku za su yi a ƙungiyar makaɗan gargajiya. Akwai babbar ganga da yake bugawa da ƙafar dama ta hanyar taka wani mataki, da ƙarama wadda aka shimfiɗa wa siraran wayoyi a ƙasa don ta riƙa tsatsa, da faya-fayan tagulla. Lissafinsa mai sauƙi ne. A ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu. Babbar ganga na faɗuwa a ɗaya da uku, ƙarama a biyu da huɗu. Wannan bugu na biyu da na huɗu shi ne ƙashin bayan rok, shi ne abin da ke sa mai sauraro gyaɗa kai. Yaro zai koye shi a yini ɗaya, amma ya riƙe shi minti biyar bai gudu ba bai ja baya ba, wannan sai an shekara.

Jitar bes tsirkiya huɗu gare ta, masu kauri kamar igiyar shanya. Aikin mai ita shi ne ya ƙulla tsakanin ganga da sauran jitoci: yana bin ƙafar mai ganga wajen lokaci, yana bin masu jita wajen sauti. Gishirin miya ne, in yana nan ba a lura, in babu shi kowa ya ji lami. Ni ma ba zaɓarta na yi ba. A kowace ƙungiyar 'yan koyo kowa jitar gaba yake so, wanda ya zo daga baya shi ake miƙa wa bes.

Jita ta biyu, mai tsirkiya shida, ita ce mai shimfiɗa. Mai ita yana danne tsirkiya uku ko fiye a lokaci ɗaya ya share su gaba ɗaya, abin da masu kiɗan ke kira kod, mu kuma muke ce wa damƙa. Waƙoƙin rok masu ɗimbin yawa damƙa uku kawai gare su, ana juya su cikin zagaye mai gaɓa 12 da aka gada daga buluz, in an kai ƙarshe a koma farko. Duk wanda ya riƙe wannan zagaye zai iya zama da makaɗan da bai taɓa gani ba su yi kiɗa tare, ko da ba sa jin harshen juna.

Jitar gaba ita ce mai magana, kuma aikinta iri biyu ne. Na farko shi ne rif, wato ɗan gajeren zance na sauti da ake maimaitawa har ya zama shi ne shaidar waƙar. Mafi kusa da shi a wajenmu shi ne take: da an buga an san na wane ne, tun kafin a buɗe baki. Rif ɗin da ya fi kowane shahara shi ne na waƙar “Smoke on the Water” ta Deep Purple, wadda ta fito a 1972 a kan gobarar da ta cinye wani gidan caca a Montreux ta ƙasar Suwizalan a Disamba 1971. Sauti huɗu ne kacal a cikinsa, kuma shi ne abin da kusan kowane ɗan koyo ke fara kaɗawa. Na biyu shi ne solo, inda mawaƙi ke yin shiru mai jita ya ware shi kaɗai, saura suna riƙe masa ƙasa kamar 'yan amshi.

A nan ne Bahaushe ya fi kowa saurin ganewa. Mai kalangu yana matse tsirkiyar kalangu a hammatarsa don fata ta ɗaure sauti ya hau, ya sassauta ya sauka, da haka yake sa ganga ta bi karin harshe. Mai jitar rok yana tura tsirkiya gefe da yatsa bayan ya kaɗa ta, ta ƙara ɗaurewa, sautin ya miƙe sama kamar muryar mai kuka. Hikimar ɗaya ce. Akwai kuma wani mataki da ake takawa da ƙafa wanda ke buɗe muryar jita ya rufe, har a ji kamar baki ne ke cewa “wa, wa”. Shi kuwa gurnanin nan da dattawa suka fi ƙi, daga amfilifaya yake fitowa in an ƙure ta fiye da ƙarfinta. Da farko aibi ne da masu ƙera ta ke ƙoƙarin kawarwa, makaɗa suka gano yana sa sauti ya daɗe bai mutu ba kamar na goge, suka mayar da shi ado.

Yadda muka koya

Ba mu da malami, ba mu da littafi. Kayan na kwaleji ne, an saye su don daren nishaɗi na ɗalibai, suna kulle a wani ɗaki kusa da ɗakin cin abinci. Malaminmu na gaskiya shi ne allurar garmaho. Sai a sa faifai, a saurari daƙiƙa biyar, a ɗaga allura a mayar baya, a sake saurare, a laluba a wuyan jita har a dace. Injin da muke da shi yana da gudu huɗu, 16 da 33 da 45 da 78. In solo ya yi mana sauri, sai mu mayar da faifai mai gudun 33 zuwa 16, kiɗan ya ja jiki, muryar ta yi kauri kamar ta sa, amma kowane sauti ya fito ɗaiɗai a kama shi. Da wannan dabara mai jitar gabanmu ya haddace kiɗan Santana, ya kuma kashe faifan, domin inda allura ta yi ta sauka ya goge.

Hunturu shi ne babban abokin gabar jita. Katako yana bushewa, wuya ya ɗan karkace, a ɗaure tsirkiya da safe kafin la'asar ta kwance. Yatsu kuma su tsage, ga tsirkiyar ƙarfe. In tsirkiya ta tsinke sai an je Sabon Gari, in ba a samu ba a ba da sautu Legas. Nawa na bes da suka dushe da gumi da ƙura, tafasa su nake yi a tukunya in shanya, su dawo da ɗan ƙara na mako biyu. Siririyar tsirkiyar jitar gaba kuwa mun sha maye ta da zare ɗaya na wayar birkin keke. Fatar ƙaramar ganga da ta fashe, wani mai haɗa kalangu a cikin gari ne ya rufe mana ita da fatar akuya, kuma a kunnena ta fi ta roba daɗi, sai dai in damina ta zo ta saki.

Amfilifaya ɗaya gare mu, jita biyu da bes da makirufo duk a cikinta. In na buga da ƙarfi muryar mawaƙi ta nutse, in masu jita biyu suka share tare babu abin da ake ji sai kurma-kurma. Dole ta sa muka koyi barin wuri: in mawaƙi na waƙa jitar gaba ta yi shiru, in ya numfasa ta amsa masa, ni kuma in tsaya a kan ƙafar mai ganga kada in ƙara komai. Wata ranar Asabar, bayan kusan wata shida muna fama, muka kaɗa zagayen gaɓa 12 ya zauna daram, babu mai jan wani, har muka kai minti goma babu wanda ya so tsayawa. Daga ranar na daina jin faifai kamar dunƙule ɗaya. Sai in riƙa bin mai ganga shi kaɗai daga farko zuwa ƙarshe, in sake sawa in bi mai bes. Da na koma ga faya-fayan Shata da Ɗanƙwairo da wannan kunnen, na ji abin da a da nake wucewa, wato yadda ƙananan ganguna ke riƙe lokaci don babban makaɗi ya samu filin yin magana.

Akwai wata matsala da 'yan'uwanmu na Kudu ba su fuskanta kamar mu ba. A ƙasar Hausa kiɗa sana'a ce, mafi yawa ta gado, kuma tana tafe da roƙo: makaɗi yana da ubangida, yana wasa shi, ana ba shi. Ba mu da gurbin mutumin da zai yi kiɗa don sha'awa kawai da yamma, da safe ya shiga aji ya koyar da lissafi. Biyu daga cikinmu Hausawa ne, ɗaya ɗan kudancin Zariya, ɗaya Bayarabe haifaffen Kano, kuma mu biyun nan iyayenmu ba su san muna yi ba. Ranar da muka fara kiɗa a wajen kwaleji, a walimar auren wani malaminmu, wani baƙo ya taso da kuɗi zai liƙa wa mai jitar gaba a goshi. Shi kuwa ɗan gidan malamai ne, ya san in labari ya kai gida cewa an yi masa liƙi, ya zama maroƙi ke nan a idon dangi, har maganar aurensa tana iya lalacewa. Sai ya ja da baya yana kaɗawa, baƙon yana bin sa, har ya jingina da bango. Daga baya muka yi doka: ba liƙi, ba ambaton sunan kowa a waƙa, in mai biki ya ba da wani abu a sayi tsirkiya. Duk da haka da ya yi aure ya ajiye jita, bai ƙara taɓa ta ba, ga shi kuwa shi ne mai hannu a cikinmu.

Gwanayen da abin da ya sa suka zama gwanaye

Matasa sukan ɗauka saurin yatsa shi ne gwaninta. Sauri abu ne da ake samu da naci. Abin da na fi dubawa shi ne zaman kiɗa, da muryar da mutum ke fitarwa da hannunsa, wadda za a gane shi da ita ko da jitar aro ya riƙe, kamar yadda ake gane kuntigin Ɗanmaraya Jos da bugu biyu, alhali tsirkiya ɗaya ce.

A wajen zaman kiɗa ban ji kamar John Bonham na Led Zeppelin ba. Yana da nauyin hannu, amma sirrinsa yana cikin yadda yake ɗan jinkirta bugun ƙaramar ganga da ƙiftawar ido, kiɗan ya yi nauyi kamar tafiyar raƙumi da kaya, ba tare da ya ja baya ba. Mai son ji ya nemi “When the Levee Breaks” ta 1971, wadda aka ɗauki gangarta a zauren matakalar wani tsohon gida a Ingila, da makirufo biyu rataye daga sama. Abokinsa mai bes, John Paul Jones, shi ne wanda na fi koyi da shi, mutum mai shiru da ke tsayawa can baya kusa da ganga. Shi da Jimmy Page mai jita sun yi shekaru suna kiɗan haya a ɗakunan ɗaukar waƙa na Landan kafin a kafa ƙungiyar a 1968. Da Bonham ya mutu a Satumba 1980, sauran ukun ba su nemi wani mai ganga ba, suka rushe ƙungiyar a Disamba, alhali tana cikin mafi samun kuɗi a duniya. Sun san kiɗan nasu na mutum huɗun nan ne.

Jimi Hendrix kuwa baƙar fata ne ɗan Amurka, bahago, wanda ke juya jitar na-dama ya sake jera tsirkiyarta. Kafin a san shi ya yi shekaru yana bayan mawaƙa irin su Little Richard a matsayin yaron kiɗa, kuma can ya koyi shimfiɗa. Shi ya sa da ya zo Landan a 1966 ya kafa ƙungiyar mutum uku kawai: yana danne tsirkiya mai kauri da babban yatsa ta saman wuyan jita, sauran yatsu suna zance, ke nan shi kaɗai yana aikin masu jita biyu. Mutane sun fi tuna cinna wa jita wuta da kaɗa ta da haƙori. Wannan wasan kallo ne. A saurari waƙoƙinsa masu sanyi, irin “Little Wing”, a nan hannun yake. Shekara huɗu kawai ya yi a idon duniya, ya mutu a 1970 yana da shekara 27.

Akwai waɗanda rashi ne ya ba su murya. Tony Iommi na Black Sabbath ma'aikacin masana'antar ƙarfe ne a Birmingham, inji ya datse masa kan yatsu biyu na hannun da yake danna tsirkiya da shi yana ɗan shekara 17. Ya narka robar kwalba ya yi wa yatsun hula, ya koma ga siraran tsirkiya, daga baya ya sassauta ɗaurinsu don rage zafi, kuma wannan sassauci ne ya ba kiɗansa kaurin da dubban ƙungiyoyi suka kwaikwaya. Brian May na Queen shi da mahaifinsa suka sassaƙa jitarsa a gida a farkon shekarun 1960, wuyanta daga katakon wani tsohon murhun ɗaki, yana kaɗa ta da sisin Ingila, kuma bayan dogon hutu ya koma jami'a ya kammala digirin digirgir a ilimin taurari a 2007. Malamai za su so su ji cewa Mark Knopfler na Dire Straits malamin kwaleji ne kafin kiɗa ya ɗauke shi. Da tsurar yatsa yake kaɗawa, ba gurnani ba hayaniya, kuma waƙar da ta fito da shi a 1978, “Sultans of Swing”, a kan wata ƙungiyar 'yan sha'awa ce da ya tarar suna kiɗa a wata mashaya ta kudancin Landan kusan babu kowa a ciki. Mu da muka sha kaɗa wa kujeru, mun ɗauke ta tamu.

Dattawan da suka ƙi wannan kiɗa suna da hujjarsu, kuma ba zan ɓoye ta ba. Giya da ƙwaya sun yi ɓarna a cikin masu shi: Hendrix da Bonham da Keith Moon, mai gangar The Who da ya mutu a 1978, duk ta wannan hanya suka tafi da ƙuruciyarsu. Akwai kuma cin haƙƙi. Turawan da suka yi arziki da buluz ba kullum suke ambaton baƙaƙen da suka ƙaga waƙoƙin ba, har sai da Willie Dixon ya kai Led Zeppelin ƙara a 1985 kafin a sasanta a sa sunansa a kan ɗaya daga manyan waƙoƙinsu.

Rok a Nijeriya da Nijar

Abin da muka yi a kwalejinmu ɗan reshe ne na wani abu da ya game ƙasa bayan Yaƙin Basasa ya ƙare a 1970. A Gabas an yi The Funkees, a Legas an yi BLO, mutum uku, da Ofege, waɗanda 'yan makarantar sakandare ta St. Gregory's ne lokacin da kamfanin EMI ya buga faifansu na farko. A nan Arewa an yi The Elcados, Bongos Ikwue kuma da ƙungiyar ɗalibai ya yi kiɗa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kafin ya yi suna. Santana ya fi kowane baƙo karɓuwa a wajenmu saboda gangunansa, kuma ba banza ba, “Jingo” da ke faifansa na farko na 1969 kiɗan Babatunde Olatunji ne ɗan Nijeriya. Su ma Turawan sun biyo sawu. Ginger Baker, mai gangar Cream, ya yi faifai da Fela a 1971, ya ratso Sahara da mota, ya buɗe ɗakin ɗaukar waƙa a Ikeja. A 1973 Paul McCartney ya ɗauki mafi yawan faifansa “Band on the Run” a ɗakin EMI na Legas, kuma da yake mai gangarsa ya fasa tafiyar, shi da kansa ya buga ganga.

Zuwa farkon shekarun 1980 disko da rege sun ture rok, tattalin arziki ya karye, kayan kiɗa suka gagari makarantu. Da waƙoƙin finafinan Hausa suka bunƙasa a shekarun 1990, da fiyanon lantarki ƙirar Yamaha aka gina su, mutum ɗaya yana fitar da ganga da sarewa da jita daga akwati ɗaya, daga baya kwamfuta ta karɓa. An samu waƙoƙi masu daɗi ta wannan hanya, ba na musu. Abin da ya ragu shi ne zaman mutum huɗu a ɗaki ɗaya kowa yana gyara hannunsa don na kusa da shi.

A Nijar ne jitar lantarki ta samu gida, a hannun Abzinawa, inda ta zama kiɗan biki a Agadas da kewayenta. Bombino, haifaffen 1980, ya koya yana kallon bidiyon Hendrix da Knopfler, kuma a Amurka aka ɗauki faifansa “Nomad” na 2013. Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, daga gidan da ba a son kiɗa ya fito, da katako da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, kuma shi ma bahago ne. A Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko a 2008, da injin ganga da gyaran murya irin na waƙoƙin finafinan Hausa, waƙoƙin suka yi ta yawo daga wayar hannu zuwa wata har suka ƙetare Sahara. Faya-fayansa na 2021 da 2024 kuwa da ƙungiyar mutum huɗu ya yi su, jitar gaba da jitar shimfiɗa da ganga a hannun 'yan Nijar uku, bes a hannun wani Ba'amurke, suna waƙa da Tamashek.